Zamfarci A Zamanin Intanet: Abin Da Na Hango Daga Andalus

Tun ina aji huɗu na firamare a Ƙauran Namoda na fara sanin cewa Hausar da na sha a nono laifi ce a kan takarda. Malaminmu na Hausa, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya ba mu aikin rubuta labarin yadda muka yi hutu, ni kuwa na zage na cika shafi biyu ina ba da labarin yadda "munka tahi" wani ƙauye na ƙasar Zurmi wurin kakana, "munka ishe shi shina karatu" a zaure. Da littafin ya dawo hannuna sai na tarar da shi ja-wur, duk inda na sa "munka" an soke an mai da shi "muka", "shina" ta koma "yana", "tahi" ta koma "tafi". Abin da bai bar raina ba har yau shi ne, da malamin ya kira ni gaban aji don ya yi mini faɗa, da irin Hausar da ya gama sokewa ya yi shi: "Kai wane, mi as sa ba ka rubuta abin da anka koya ma?" Ajin bai yi dariya ba, domin babu wanda ya ji wani baƙon abu a maganar.

Ban riƙe shi a zuci ba, aikinsa ya yi, kuma da bai yi ba da mun faɗi jarrabawa. Sanin kowa ne cewa Hausar da muke rubutawa da boko tana da tarihinta. Tun daga ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa aikin da Dokta East da su Abubakar Imam suka yi a Zariya, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kafa Hukumar Hausa a 1955, karin harshen Kano aka ɗauka aka gina daidaitacciyar Hausa a kansa. Wannan gini ya yi mana rana ƙwarai da gaske, don shi ya sa mutumin Shinkafi ke rubuta takarda ɗan Bauci ya karanta ba tare da tafinta ba, da shi kuma nake rubuta wannan maƙala. Sai dai kuma garin gyaran gira an taɓa ido. A hankali duk abin da bai shiga ƙa'idar ba ya koma "Hausar ƙauye", har ta kai ɗan Zamfara da ya yi boko, in ya shiga ofis a Kaduna ko Abuja, yakan riƙa tauna harshensa don kada "zamna" ko "biyat" su suɓuce masa a yi masa dariya. A finafinanmu ma, in ka ji an saki Sakkwatanci ko Zamfarci, to, galibi an zo wurin barkwanci ke nan.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki shi ne labarin mutanen Andalus na yau. Don kada mai karatu ya ruɗe, Andalus ɗin da nake nufi a nan lardi ne a kudancin ƙasar Sifaniya mai mutane fiye da miliyan 8, kuma Sifaniyanci suke yi, amma da karinsu na daban: suna haɗiye harafin ƙarshe na kalma, suna zubar da wasu baƙaƙe a tsakiya, suna furta wasu ba yadda mutanen Madrid ke furtawa ba. Sun daɗe suna shan gori a kan haka. A wasannin talabijin na ƙasar, 'yar aiki da ɗan barkwanci aka saba bai wa wannan kari. Gorin ma ba na yau ba ne, domin Nebrija, mutumin da ya fara rubuta nahawun Sifaniyanci a 1492, ɗan Andalus ne, kuma bayan mutuwarsa sai da aka sami marubucin da ya ce kada a dogara da shi tun da bakinsa na Andalus ne. A 2017 wani malamin jami'a mai suna Juan Porras, wanda ke rubuta sunansa Huan Porrah yadda ake furta shi a gida, ya fassara wani shahararren littafin yara na Faransa da karin Andalus. Jaridu suka yi masa ca, aka mai da shi abin ba'a. Maimakon abin ya mutu, sai wasu matasa suka zauna suka fitar da ƙa'idar rubutu guda a 2018, wasu kuma masana kwamfuta da ke kiran kansu AndaluGeeks suka ɗora ta a intanet: ka zuba rubutunka na daidaitaccen Sifaniyanci, na'ura ta juya maka shi zuwa karin Andalus nan take, ga kuma allon rubutu na waya da suka yi kyauta. Babu gwamnatin da ta amince da ƙa'idar a hukumance, kuma ko a cikin Andalusawan akwai masu ganin ta wargi ce. Duk da haka, abin da a da sai a baki ake jin sa, yau ana ganin sa a rubuce.

Andalus kuwa ba baƙuwarmu ba ce, mu da muka tashi a zauren karatu. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu ta Alfazazi ce, mutumin Andalus. Alfiyyar da ɗalibai ke haddacewa ta Ibn Malik ce, haifaffen Jayyan. Tuhfar da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita ta Ibn Asim ce, alƙalin Garnaɗa, shi ma mai Ashafa, Alƙali Iyal, ya taɓa riƙe alƙalancin wannan birni. Hatta rubutun allo da muka fara da shi, mai ɗigon "fa" a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan "ƙaf", da ƙira'ar Warshu, ta hanyar Magrib da Andalus suka iso mu, kuma ɗigon nan na imala shi malamanmu suka ara suka riƙa rubuta wasalin "e" na Hausa a ajami. Saboda haka in na ce mu leƙa can mu ga yadda ta kaya, gidan dangi nake nufi.

Yadda ta kaya da na farkon abin tsoro ne. Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, an ƙona littattafan Larabci a dandalin birnin, an tilasta wa Musulmin da suka rage canza addini, a 1567 aka haramta musu Larabci ɗungurungum, daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kore su daga ƙasar. A tsakanin waɗannan shekaru, da yawa daga cikinsu sun riga sun manta Larabci, Sifaniyanci ne harshensu, sai suka riƙa rubuta shi da baƙaƙen Larabci: fikihu, da addu'o'i, da ƙissoshin annabawa, da magunguna. Sunan da ake kiran wannan rubutu, aljamiado, daga kalmar ajamiyya ya fito, wato dai ajaminmu ne sak. Da kora ta zo sai suka ɓoye takardun a cikin bango da rufin ɗaki, suna fatan wata rana za a dawo. Ba a dawo ba. A 1884 ana rushe wani tsohon gida a garin Almonacid de la Sierra da ke lardin Aragon aka ci karo da tarin irin waɗannan littattafai a ƙarƙashin daɓe, wasu ma suka salwanta a hannun waɗanda ba su san darajarsu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an daɗe ana ajiye irin waɗannan takardu a ɗakunan karatu da sunan Farisanci ne ko Turkanci, domin mai Larabci yana ganin baƙaƙen bai fahimtar maganar, mai Sifaniyanci kuma da zai fahimci maganar bai iya baƙaƙen ba. Takarda ta tsira, amma mai karanta ta ya ƙare.

Mai karatu, ka dubi gidanku ka gaya mini ko ba nan muka dosa ba. Mutum nawa ne a cikinmu, mu masu digiri, za a miƙa wa wasiƙar da kakansa ya rubuta da ajami ya karanta ta tiryan-tiryan? Ko a kuɗinmu, an cire ajami daga ƙananan takardun naira tun 2007, muka yi 'yar hayaniya muka yi shiru. Ga mu 'yan Zamfara kuwa asarar ninki biyu ce, domin shi ajami da kunne ake rubuta shi. Babu wata hukuma da ta taɓa yi masa ƙa'ida, malami yadda yake faɗa haka yake sawa. In "amre" yake cewa ba zai rubuta "aure" ba, in "abduga" ce ba za ta zama "auduga" ba, "sabka" da "ɗiya" da "gidanai" duk suna nan yadda suka fito daga baki. Ke nan kowace takarda da ke cikin gafakar wani tsohon malami a Zurmi ko Kware ko Kurya tamkar faifai ce da aka naɗi muryar mutanen da. Kada kuma a manta, kafin boko ya zaɓi Kano, rubutacciyar Hausa da bakin yamma ta yi fice. Shehu Usmanu ya shafe kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma waƙoƙin Hausa na su Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa cike suke da irin "munka" da "anka" ɗin da malamina ya soke mini. Haka nan manyan makaɗan da Hausawa ke tinƙaho da su, Narambaɗa na Tubali, da Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, duk da wannan baki suka yi waƙa. In ka mai da waƙar Narambaɗa daidaitacciyar Hausa, ka karya mata kari, ta daina hawa kotso.

Da a zaman lafiya muke, da sai in ce akwai sauran lokaci. Amma kowa ya san halin da arewacin Zamfara ta shiga fiye da shekara goma. Ƙauyuka nawa ne a ƙasar Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji suka watse saboda 'yan bindiga? Wanda ya gudu da tsakar dare ɗa yake saɓawa a kafaɗa, ba ya tsayawa neman adakar takardu, abin da wuta ta bari kuma gara da damina su ƙarasa. Mutanenmu sun bazu, wasu a Ƙaura da Gusau, wasu a Jibiya da Katsina, wasu tun 2019 suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar. Yaron da aka goyo daga ƙauye ya tashi a Kano, Kananci zai yi, kuma ba laifinsa ba ne. Kalmomin da ke tafiya tare da wuri, sunayen ciyayi da itatuwan dajin Rugu da Dumburum, da kalmomin noman fadamar gulbin Bunsuru da Gagare, da na fatauci da awo a kasuwar Alhamis ta Shinkafi, in babu wurin ba su da dalilin zama a baki. Bargery, a ƙamusunsa na 1934, ya yi ƙoƙari ya sa wa kalmomi da yawa alamar yankin da ya ji su, kuma ƙamusun yana intanet yanzu. Amma tun daga shekarar da ya fito zuwa yau an doshi shekara ɗari.

Ga kuma sabon alƙali da ya shigo, wanda ya fi malamina tsanani, wato na'ura. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, yanzu kuma ga manhajojin da ke sauraren magana su rubuta, da masu amsa tambaya kamar mutum. Dukkansu daga abin da suka tarar a rubuce suke koyo, abin da ke rubuce kuwa jaridu ne da shafukan gidajen rediyo, duk daidaitacciyar Hausa. Ita na'ura, abin da ba a rubuta ba babu shi a duniya. Ka rubuta "hwara" a waya ta ja maka jan layi ko ta canza maka ba da izininka ba. Gobe in asibiti ko banki ko hukumar ba da taki suka sa na'ura ta riƙa amsa kiran talakawa, tsohuwar da ke Moriki za ta yi ta bayani na'ura na ce mata ba ta gane ba. Wannan ya wuce maganar kishin gargajiya, ya shiga maganar wa za a saurara, wa za a bari a bakin ƙofa.

Na san abin da wasu za su ce: ana ta kai wa ke ta kaya? Mutane na kwana a daji, ana biyan kuɗin fansa, kai kana zancen "munka" da "muka". Maganarsu tana da nauyi, ni ma ina da 'yan'uwan da suka bar gonakinsu. Amsata ita ce, wannan bala'in shi ne ya mai da aikin na gaggawa. Mutanen Tambutu ba su jira yaƙi ya ƙare ba, a tsakiyarsa su Abdulƙadir Haidara suka riƙa fitar da littattafai a akwatuna zuwa Bamako, shi ya sa da aka cinna wa cibiyar Ahmad Baba wuta a Janairun 2013 mafi yawan dukiyar ta riga ta tsira. Wasu kuma za su ce wannan raba kan Hausa ne, yau Zamfarci, gobe Katsinanci, jibi Guddiranci, a wayi gari ba mai karanta na wani. A nan ni ma ina da iyaka, kuma a nan na rabu da masu zafin ra'ayi daga cikin Andalusawa da ke son karinsu ya zama harshe mai zaman kansa. Ban nemi a sauya littafin makaranta ba, ban nemi jarida ta koma rubuta labarai da Zamfarci ba. Daidaitacciyar Hausa ta zauna a kujerarta. Abin da nake nema shi ne ƙanenta su ma a san yadda ake rubuta su, a rubuta su, a adana. Kogi ba ya ƙin yayyafi, kuma Hausar da ke fama da ƙarancin kalmomi har tana aro daga Turanci ba gaira ba dalili, ita ce za ta fi kowa cin ribar rumbun da ke yamma.

Aikin kuwa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Matasanmu sun riga sun fara ba tare da sun sani ba, duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan Ƙaura ko Shinkafi ya san da Zamfarci ake ba'a da jaje da cinikin waya. Matsalar ita ce kowa da yadda yake rubutawa: wannan ya sa "yaz zaka", wancan "yazzaka", wani "ya zaka", wannan "hwaɗi", wancan "fwadi". Ana bukatar masana su zauna su fitar da 'yar taƙaitacciyar ƙa'ida, shafi biyu ko uku, wadda ba za ta yi nisa da ƙa'idar da aka saba da ita ba. Kuskuren da nake gani a ƙa'idar Andalusawa shi ne ta cika baƙin alamomi a kan haruffa, har mai harshen kansa sai ya yi da gaske yake karantawa. Amma sun yi dabara ɗaya da ta burge ni: da suka ga garuruwansu sun saɓa wajen furta wani sauti, sai suka ba shi harafi guda, kowa ya karanta da bakin garinsu. Mu ma za mu bukaci irin wannan, domin Hausar Shinkafi ta fi karkata wajen Gobir da Sakkwato, ta Zurmi kuma tana jin ƙanshin Katsina. Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da mutanen da za su iya wannan zama. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda ke nan tun 1983, tana yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara. Me zai hana aikin kammala karatun wasunsu ya zama ƙamusun Zamfarci na waya mai haɗe da murya, ko allon rubutun da ba zai ja wa "munka" jan layi ba?

Ta fuskar ajami ma an rage mana hanya. Akwai haruffan kwamfuta irin su Alkalami da Harmattan da aka zana musamman don rubutun Warshu na ƙasashenmu, kyauta ake sauke su. Jami'ar Boston ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom, ta ɗauki hoton takardun ajami masu yawa na Afirka ta Yamma, har da na Hausa, ta sa a intanet, Ɗakin Karatu na Birtaniya kuma tun 2004 yake da shirin tallafa wa masu ceton takardun da ke cikin haɗari. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa ɗaukar hoton shafi. Sai dai darasin Almonacid ya nuna hoto kaɗai bai wadatar ba. Duk shafin da aka ɗauka, a nemi dattijon da ya iya shi ya karanta da bakinsa a naɗa, a juya shi zuwa boko yadda ya furta ba tare da an "gyara" masa Hausa ba, a rubuta garin da sunan gidan in masu shi sun yarda. Takardun kuma a bar wa masu su, kuma abin da suka ce sirrin gida ne, kamar laƙani da asirin magani, a mutunta.

Kada kuma mu ɗauki intanet tamkar rumbun da ba ya cin wuta. Mu 'yan Zamfara mun fi kowa sanin haka, tun da a Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, wasu yankunan suka yi watanni ba waya, aka kuma rufe kasuwannin mako har da ta Shinkafi. Abin da aka zuba a Facebook ko WhatsApp kaɗai, ranar da waya ta faɗa ruwa ko kamfani ya rufe shafi, shi ke nan. Dole kowane abu ya kasance yana da kwafi a wurare da dama, ɗaya a Gusau, ɗaya a Ɗakin Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ɗaya a Gidan Arewa a Kaduna, ɗaya a hannun masarautar da abin ya fito daga ƙasarta. Sarakunanmu na Ƙaura da Zurmi da Shinkafi su ne za su iya sa malamai su buɗe gafaka, domin malamin zaure ba zai miƙa wa baƙon yaro mai riƙe da waya takardun ubansa ba sai da kalmar wanda ya yarda da shi.

Ni dai na fara da abin da ke hannuna. Daga cikin takardun kakan nan nawa na ƙasar Zurmi, shafi 31 ne suka iso gare mu a cikin buhun gero, lokacin da iyalin suka baro ƙauyen. Na ɗauki hotonsu duka. Akwai wasiƙu, da lissafin bashin hatsi, da wata waƙar wa'azi da ba ta da farko. Na karanta abin da na iya, amma kalmomi bakwai sun gagare ni, na duba Bargery na sami biyu. Sauran biyar ɗin an ce mini ƙanen kakan ne kaɗai zai san su, yana can wani ƙauye kusa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Na aika wa jikansa hotunan ta waya tun kafin azumi, ya ce zai karanta wa tsohon baƙi-baƙi ya naɗo mini amsar, in an sami layi.